Daga bakin teku zuwa Assamaka: yadda ake tasa ƙeyar mutanen kwale-kwale

Idan ayarin waɗanda aka koro daga Aljeriya ya iso Damagaram, kallo ɗaya ya isa ka gane su: mata da goyo, ƙullin kaya a cikin buhu, bokitin roba, bargo mai kauri na sanyin Tamanrasset, yara da ƙura har cikin gira. Yawancinsu ba su taɓa ganin teku ba, biɗa ce ta kai su arewa, kuma a titunan Aljeriya aka tsince su. Amma a cikin irin wannan ayari akan samu wasu samari da ba su da ƙulli ko ɗaya, daga su sai tufafin jikinsu da silifa. Wasu daga cikin waɗannan sun ga teku, har sun hau shi. A kan ruwa aka tare su, kuma hannu uku ko huɗu suka bi kafin su sauka a tasharmu.

Mu nan mukan haɗa komai mu ce "an koro su". To korar iri-iri ce, kuma kowace da dokarta, da takardarta, da inda take lalacewa. Abin da ke yanke wa mutum hukunci a wannan tafiya ba ya wuce abu biyu: a ina aka kama shi, kuma jirgin wace ƙasa ya ɗauke shi. Gwamnatocin Turai sun fi kowa sanin haka, shi ya sa shekara da shekaru aikinsu shi ne su matsar da wurin kamun zuwa kudu, su kuma sauya hannun da ke kamawa.

Abin da doka ta hana

Yarjejeniyar Janiba ta 1951 kan ƴan gudun hijira, a sashe na 33, ta hana kowace ƙasa ta mayar da mutum inda ransa ko ƴancinsa ke cikin haɗari saboda ƙabilarsa, addininsa, ƙasarsa, ra'ayinsa na siyasa ko rukunin jama'ar da yake ciki. Yarjejeniyar ƙungiyar haɗin kan Afirka ta 1969, wadda aka sa wa hannu a Addis Ababa, ta fi ta faɗi: ta haɗa da wanda ya tsere wa mamaya ko wata fitina da ta dagula zaman lafiyar ƙasarsa, ko da ba shi kaɗai ake nema ba. Ke nan mutumin da ya baro Darfur ko ƙauyukan tafkin Cadi saboda yaƙi yana cikinta. Wanda fari ko bashi ya kora daga Kance ko Magarya ba ya ciki, komai tsananin halin da ya baro. Wannan magana ce mai ɗaci, amma gara a san ta tun a gida.

Sai dai hanin bai tsaya ga mai takardar gudun hijira kaɗai ba. Yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984 da dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai sun hana a kai kowa, ɗan ci-rani ne ko mai gudun yaƙi, wurin da ake da ƙwaƙƙwaran dalilin cewa za a azabtar da shi. Dokar Turai ta kuma hana korar jama'a a dunƙule. Dole a zaunar da kowane mutum, a tambayi sunansa da ƙasarsa da abin da ya fito da shi, da tafinta idan ba ya jin harshen, a ba shi damar ɗaukaka ƙara. Cika jirgi da mutum ɗari a juya da su ba tare da an buɗe baki da kowa ba, shi ne ainihin abin da aka haramta.

Teku kuma tana da nata ƙa'idojin, waɗanda suka girmi rigimar ƴan ci-rani. Duk matuƙin jirgin da ya ji labarin mutane na cikin haɗari wajibi ne ya kai ɗauki, haka yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1974 da ta ceto ta 1979 suka tanada. Gyaran da aka yi musu a 2004 ya ƙara da cewa ceto bai cika ba sai an sauke mutanen a wuri mai aminci. A kan waɗannan kalmomi biyu, "wuri mai aminci", ake ta fafatawa har yau. Ruwan da ke mallakin ƙasa mil 12 ne daga gaɓa, wato kilomita 22 da ƴan kai. Bayansa ruwan kowa da kowa ne, an dai raba shi yanki-yanki don a san wace ƙasa ce za ta jagoranci ceto a ina.

Juya kwale-kwale ba Turawan Bahar Rum suka fara shi ba. Amurka ta soma tare mutanen Haiti a teku a 1981, a 1992 ta daina ma tantance su, kotun ƙolinta kuma ta mara mata baya a 1993 da hujjar cewa hanin mayarwa bai shafi abin da aka yi a wajen iyakarta ba. Hong Kong, lokacin tana hannun Ingila, ta fara tantance mutanen Biyetnam da ke zuwa a kwale-kwale daga Yuni 1988, sannan ranar 12 ga Disamba 1989 ta saka mutum 51 a jirgin sama da ƙarfin ƴan sanda ta mayar da su Hanoi. Surutun da duniya ta yi ya sa aka dakata na wani lokaci. Ostareliya ta hana jirgin Tampa sauke mutum 433 da ya ceto a Agusta 2001, ta buɗe sansanoni a tsibiran Nauru da Manus, daga 2013 kuma sojojin ruwanta suka shiga juya kwale-kwale zuwa Indonesiya. Duk wata dabara da ake gani yau a arewacinmu, an gwada irinta a ɗaya daga cikin wuraren nan uku.

Yadda aka sauya hannu

Ranar 6 ga Mayu 2009 jiragen gwamnatin Italiya suka tare kwale-kwale uku ɗauke da mutum wajen 200, mil 35 kudu da tsibirin Lampedusa. Aka kwashe su zuwa cikin jiragen, ba a tambayi kowa komai ba, aka sauke su a Tarabulus ƙarƙashin yarjejeniyar abota da firaministan Italiya na lokacin, Berlusconi, da Gaddafi suka ƙulla a Bengazi a 2008. Mutum 24 daga cikinsu, ƴan Somaliya 11 da ƴan Eritiriya 13, suka kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai. Ranar 23 ga Fabrairu 2012 kotun ta yanke hukuncin da ake kira na Hirsi Jama'a: muddin mutum ya taka jirgin da ke ɗauke da tutar Italiya kuma jami'anta ke riƙe da shi, to yana hannun Italiya, ko da a tsakiyar teku ne. Ta umarci a biya kowanne Yuro 15,000, kusan sefa miliyan 10.

Italiya ta ji hukuncin, ta kuma karanta shi da kyau. An hana ta mayarwa da jirginta, ba a ce komai kan jirgin wani ba. Ranar 2 ga Fabrairu 2017 firaminista Gentiloni ya sa hannu da Fayez al-Sarraj, shugaban gwamnatin Tarabulus na lokacin, a kan wata takardar fahimta mai sabunta kanta duk shekara uku. Italiya da Tarayyar Turai suka ba masu gadin tekun Libiya jiragen sintiri, da horo, da kayan sadarwa. A Yuni 2018 Libiya ta yi rajistar yankin cetonta, wanda ya miƙe nesa ƙwarai cikin ruwan kowa da kowa.

Ga yadda abin ke gudana a kan ruwa. Jirgin roba mai tsawon mita 10 zuwa 12 yakan tashi da dare daga wajen Zawiya, Sabrata, Zuwara ko Garabulli, da mutum 100 ko fiye. Ƙasansa katako ne da aka ɗaure da kusoshi, injinsa ƙarami, yawanci mai ƙarfin doki 40, man da aka zuba kuma sau da yawa ba zai kai Lampedusa ba, wadda ke da nisan kusan kilomita 300. Maza na zaune a kan bututun iska, ƙafa ɗaya a waje, mata da yara a tsakiya. Ana ganin tsakiyar ta fi aminci, alhali nan ne fetur da ya zube daga jarkoki ke haɗuwa da ruwan gishiri ya riƙa cin fata kamar wuta, kuma nan ake danne mutum idan katakon ya karye jirgin ya naɗe. Akan ba ɗaya daga cikin fasinjojin wayar tauraron ɗan Adam ta Thuraya da lambar cibiyar ceto ta Roma. Da gari ya waye, jirgin sama ko marar matuƙi na Frontex, hukumar tsaron iyakokin Turai, ya hango su ya aika da wurin da suke ga cibiyoyin ceto, har da ta Tarabulus tunda yankinta ne. Jirgin sintirin Libiya ya fi na ƴan agaji gudu nesa ba kusa ba. Kafin azahar an kwashe su an juya.

Lokacin kwashewar ma yana cin rai. Mutane na ganin tutar Libiya sai wasu su faɗa ruwa don su kai ga wani jirgin, ko duk su karkata gefe guda roba ta kife. Haka ta faru ranar 6 ga Nuwamba 2017, lokacin da jirgin sintirin Libiya da jirgin agaji na Sea-Watch suka haɗu a kan kwale-kwale ɗaya: aƙalla mutum 20 suka mutu, aka mayar da 47 Libiya. Waɗanda suka tsira suka kai Italiya ƙara a kotun nan da ta yi hukuncin 2012, suna cewa Roma ce ta kira Libiyawan kuma ita ta ba su jirgin. A Yuni 2025 kotun ta ce ba ta da hurumin sauraron ƙarar, domin mutanen ba su shiga hannun Italiya ba. A ganina wannan hukunci ya fi duk wata sanarwar ƴan siyasa bayyana inda aka dosa. A 2021 kaɗai, bisa ƙididdigar OIM, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sama da mutum 32,000 aka tare a teku aka mayar Libiya, babu ko ɗaya da Bature ya taɓa da hannunsa.

Jiragen ƴan agaji kuwa an ɗaure musu ƙafa ta wata hanya. Dokar da Italiya ta fitar a Janairu 2023 ta ce da zarar jirgi ya yi ceto ɗaya ya wuce tashar da aka ba shi ba tare da ɓata lokaci ba, sai a ba shi tasha can arewa kamar Ancona ko Ravenna, tafiyar kwana uku zuwa biyar. Wanda ya saɓa, tarar Yuro 2,000 zuwa 10,000 da tsare jirgi kwana 20. Amma kotun ƙolin Italiya ita ma ta yi nata: a Fabrairu 2024 ta tabbatar da hukuncin da aka yi wa matuƙin jirgin Asso 28, wanda ya ceto mutum 101 a 2018 ya miƙa su Tarabulus, ta ce Libiya ba wuri mai aminci ba ne. Matuƙi ɗan kasuwa ya yi, laifi ne. Jirgin da gwamnati ta saya wa maƙwabci ya yi, ba mai tambaya.

Bayan an sauke su a Libiya

Libiya ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 ba, kuma dokarta mai lamba 19 ta 2010 ta ɗauki shiga ƙasar ba izini laifi ne na ɗauri da kora. Don haka daga tashar jirgin ruwa sai mota, daga mota sai kalabush, kamar yadda matafiya ke kiran gidajen tsarewa irin su Tarik al-Sikka, Ain Zara da na Zawiya. Ba alƙali, ba wa'adi. Ranar 2 ga Yuli 2019 aka jefa bam a na Tajura, mutum 53 suka mutu a kulle. Kwamitin binciken Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Maris 2023 akwai hujjar da ta isa a yarda an aikata laifukan cin zarafin bil'adama a kan ƴan ci-rani a ƙasar.

Ƙofofin fita uku ne. Ta farko kuɗi: a kira gida, a sayar da akuya ko a jinginar da gona, a aika. Iyalai da yawa ba sa bambanta wannan da gidan bashi na Sabaha, inda ƴan fasa-ƙwauri ke riƙe mutum sai an biya, kuma gaskiya daga inda uwa ke zaune a Matamaye bambancin kaɗan ne. Abin da ke lalacewa a nan shi ne biya ba ya hana a sake kamawa, wani ma masu gadin ke sayar da shi ga wani gidan. Ta biyu ta ƴan gudun hijira ce da HCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da su, ta yi wa rajista, kuma a Libiya ƙasashe ƙalilan take iya yi wa, irin su Sudan, Eritiriya, Somaliya da Habasha. Daga Nuwamba 2017 aka fara kwaso wasunsu zuwa Nijar, daga baya aka gina musu sansani a Hamdallaye, wajen kilomita 40 daga Yamai, suna jiran wata ƙasa ta karɓe su. Ruwanda ta buɗe irinsa a 2019. Ɗan Nijar ba ya cikin wannan layi.

Ƙofa ta uku ita ce tamu: komawa gida "da son rai" ta hannun OIM. Ma'aikaci ya zo gidan tsarewa ya rubuta sunaye, ya yi wa mutum tambayoyi, jami'in ofishin jakadancin ƙasarsa ya tabbatar ɗan ƙasar ne ya ba shi lesefase, wato takardar tafiya ta sau ɗaya a madadin fasfo. Sai likita ya duba ko zai iya hawa jirgi, hukumomin Libiya su ba da izinin fita, a jira jirgin haya ya cika. Sama da mutum 100,000 aka mayar ƙasashensu daga Libiya ta wannan hanya tsakanin 2015 da tsakiyar 2025. Ba na raina shirin, ya fitar da mutane daga inda za su mutu. Amma wanda aka ce masa ko ka sa hannu ko ka ci gaba da kwana a tsaye cikin ɗakin mutum 300, a kira zaɓinsa son rai, an yi wa kalmar nauyin da ba za ta iya ɗauka ba. Tallafin sake zama da ake alkawartawa kuma yawanci kaya ne ko horo, ba kuɗi a hannu ba, yakan ɗauki watanni, kuma yana bin lambar wayar da mutum ya bayar ranar da ya sauka. Wanda ya sauya layi ko ya wuce ƙauyen da ba sabis, fayil ɗinsa yakan kwanta.

Libiya tana kuma yin tata korar ta ƙasa. A farkon Janairu 2025 an sauke ƴan Nijar sama da 600 a Dirku cikin manyan motoci, a tsakiyar hunturun Kawar.

Hanyar Tunusiya da Aljeriya

Wannan ita ta fi shafar jiharmu. Bayan jawabin shugaba Kais Saied na 21 ga Fabrairu 2023, wanda ya zargi baƙaƙen fata ƴan ci-rani da yunƙurin sauya fuskar al'ummar Tunusiya, aka kore su daga gidajen haya da wuraren aiki, dubbai suka tare a gonakin zaitun na El Amra, arewa da Sfax. Daga nan kwale-kwalen ƙarfe ke tashi, faranti ne da aka yi wa walda cikin gaggawa, tsawon mita 7 ko 8, da mutum 40 ko fiye. Bakinsa kusa yake da ruwa, igiya ɗaya mai ƙarfi ta shiga, cikin mintuna ya nutse, ba ya yin iyo kamar roba. Ranar 16 ga Yuli 2023 Tarayyar Turai ta sa hannu da Tunusiya, da Yuro miliyan 105 na harkar iyaka. Waɗanda jandarmomin ruwa suka tare, ƙungiyoyin kare haƙƙi da ƴan jarida sun sha tabbatar da cewa akan karɓe musu waya a zuba su a bas a zubar a iyakar Libiya ko ta Aljeriya. Aljeriya ta tsince su ta haɗa da nata kamun, ta tara a Tamanrasset, ta gangaro da su In Gezzam.

A nan ayari ya rabu biyu. Na hukuma na ƴan Nijar ne, ƙarƙashin fahimtar da gwamnatocin biyu suka yi a 2014. Asalinta kowa a Damagaram ya sani: Oktoba 2013, lokacin da motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, aka tsinci gawa 92, yara 52, mata 33, maza 7, yawancinsu mutanen Kance. Ana kawo wannan ayari har Assamaka cikin motoci, a yi rajista, a wuce Arlit da Agadas, daga can a bi ta Aderbissinat da Tanut, wajen kilomita 450, zuwa nan. Ɗaya ayarin na sauran ƙasashe ne, ƴan Gini, Mali, Sudan da sauransu, kuma babu wata yarjejeniya da ta rufe shi. Ana sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, sau da yawa da dare ko da asuba, a nuna musu kudu da hannu. Kilomita 15 ne zuwa Assamaka a ƙafa. Ga mai lafiya da ruwa a hannu tafiyar awa uku zuwa huɗu ce. Abin da ke kashe mutane shi ne ɓata: iska ta share sawu, ba bishiya ba dutse, mutum ya karkata kaɗan ya wuce garin bai sani ba. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara, wadda ke fita da babur mai ƙafa uku tana tsinto waɗanda suka gaza, ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro ta wannan iyaka a 2024. A cikinsu har da masu katin HCR, waɗanda doka ta ce ko kusa kada a taɓa.

Kafin mu nuna wa wasu yatsa, mu ma akwai namu. A Mayu 2018 an kwashi ƴan Sudan sama da 100 daga Agadas aka kai su iyakar Libiya. Dokar 2015-36 kuma, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ga mai safarar ƴan ci-rani, ita ce ta sa direbobi suka bar hanyar rijiyoyi suka shiga Tenere ta bayan fage, har gwamnatin Janar Tiani ta soke ta a Nuwamba 2023. Soke ta ya dawo da ayarin motocin da ke tashi daga Agadas zuwa Libiya fili, amma bai taɓa ko ɗaya daga cikin yarjejeniyoyin da ke jiran mutum a gaba ba.

Wanda ya taka Italiya

Shi lissafinsa daban ne, kuma a kwana biyun farko ake yin kuskuren da ke bin mutum shekaru. A Lampedusa akwai cibiyar karɓa da aka gina don mutum wajen 400, wadda a Satumba 2023 dubbai suka cika ta cikin kwana biyu. Ana ɗaukar hoto da zanen yatsu a saka a rumbun Eurodac, wanda duk ƙasashen Tarayyar ke gani, don haka wanda ya tsallaka Faransa ko Jamus daga baya za a iya mayar da shi Italiya. Ana kuma cike wata ƴar takarda mai tambayar dalilin zuwa, da gurabe: aiki, iyali, gudun talauci, neman mafaka. Mutum bai yi barci ba kwana uku, jikinsa na warin fetur, an tambaye shi da harshen da yake ji rabi-rabi, ya ce "aiki" saboda a tarbiyyarmu wannan ce amsar mutunci. Wannan gurbi kaɗai na iya sa a ba shi takardar barin ƙasa. Doka ta ba shi damar neman mafaka ko bayan haka, amma ya fara da ƙafar hagu. Wanda da gaske yaƙi ko barazana ta kore shi, a nan ne zai faɗa, ya kuma nemi tafinta na Hausa.

Sai a duba abin da aka rubuta a gurbin ƙasa. Da Italiyanci ɗan Nijar "nigerino" ne, ɗan Najeriya "nigeriano", harafi ɗaya ya raba su, ga kuma Hausa a bakin duka biyun. Gyara wannan daga baya aiki ne ja. Haka ranar haihuwa: masu takardar da aka rubuta "wajen shekara kaza" akan sa musu 1 ga Janairu, kuma ga yaro ɗan 17 shekara ɗaya da aka ƙara masa ita ce bambancin makaranta da gidan kora, domin dokar Italiya ta 2017 ta hana korar yaron da bai kai 18 ba wanda ya zo ba tare da babba ba.

Daga nan sai cike takardar neman mafaka a ofishin ƴan sanda, sai ganawa da kwamitin da ke yanke hukunci. Idan an ƙi, akwai kwana 30 na ɗaukaka ƙara a tsarin yau da kullum, ƙasa da haka a tsarin gaggawa da ake yi wa ƴan ƙasashen da Italiya ta lissafa a matsayin masu zaman lafiya, irin su Senegal, Gana, Gambiya da Tunusiya. Nijar ba ta cikin jerin. Wa'adin nan ba ya jira, kuma da yawa sun rasa shi don kawai wasiƙar ta je adireshin da suka bari. Idan komai ya ƙare, dokar Tarayyar ta 2008 ta ba da kwana 7 zuwa 30 mutum ya fita da kansa, in ya ƙi a iya tsare shi har wata 18, a kuma hana shi dawowa har shekara 5.

Duk da haka, cikin mutum biyar da aka ba takardar kora a Turai, wajen ɗaya ne kawai ke fita. Dalilin ba tausayi ba ne, lesefase ne. Ba a iya saka mutum a jirgi sai ƙasarsa ta amsa cewa nata ne, kuma ofisoshin jakadanci da yawa ba sa gaggawar amsawa, don sun san abin da kuɗin da ƴan waje ke aikowa yake yi a gida. Wannan gazawa ce ta haifi sauran dabarun. Ingila ta ɓullo da shirin kai masu tsallaka mashigin ruwanta Ruwanda a 2022, kotun ƙoli ta ce haramun ne a Nuwamba 2023, sabuwar gwamnati ta binne shi a Yuli 2024 bayan an kashe wajen fam miliyan 700, mutum huɗu kacal suka tafi, su ma da kansu. Italiya ta gina cibiyoyi biyu a Albaniya, ta kai mutum 16 na farko a Oktoba 2024, aka dawo da huɗu nan take, sauran 12 kuma cikin kwanaki alƙalan Roma suka sa aka dawo da su. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Idan aka kwatanta da waɗannan, jirgin sintiri ɗaya da aka ba Tarabulus ko Sfax ya fi arha, kuma ba alƙalin da zai hana shi fita.

Abin da iyali ke iya riƙewa a gida

Kusan kowane mataki da aka ambata a sama takarda yake nema, kuma takardar matafiyi ita ce abu na farko da ke ɓata, ko a ruwa ko a hannun masu kamu. Saboda haka kofin takardar haihuwa da na katin ɗan ƙasa su zauna a gida, a kuma ɗauki hotonsu gaba da baya a waya fiye da ɗaya. Wanda ba shi da takardar haihuwa, ana yin hukuncin alƙali da ke maye gurbinta a kotu da shaidu biyu, kuma ya fi sauƙi a yi shi mutum na nan da a yi yana kalabush. Hoton kati da aka tura ta WhatsApp ga jami'in jakadanci yakan rage makonni a jiran lesefase. A rubuta sunan yadda yake a katin, harafi da harafi, domin Mahamadou da Mamadou da Mohamed mutum uku ne a kwamfuta. A riƙe lambar da ya kira da ita ta ƙarshe, da ranar, da sunan garin da ya ce yana ciki, da sunan ko da mutum ɗaya da suke tare. Idan an daina jin ɗuriyarsa, waɗannan ne abubuwan da sashen neman dangi na Croix-Rouge zai fara tambaya, tare da hoton fuska na kwanan nan da wata alama ta jiki, kamar tsagen fuska, tabo ko karyayyen haƙori.